Injinan Iska na Lambar Rimi: Nazari a kan Manufar Gwamnati ta Samar da Lantarki daga Iska da Rana

Wannan takarda za ta duba manufar nan ta rage dogaro ga iskar gas wajen samar da lantarki a koma ga iska da hasken rana. Ma'aunin da za a yi amfani da shi yana nan kusa da birnin Katsina.

A shekarar 2005 Gwamnatin Jihar Katsina, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta tsiri kafa tashar lantarki mai aiki da iska a Lambar Rimi. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta karɓi aikin. An tsara injina 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, masu ba da kimanin megawat 10. A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin a Rimi, aiki ya tsaya cik, har ya haura shekara goma yana jan ƙafa.

Haka kuma a 2016 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 don samar da megawat 1,125 daga hasken rana, ciki har da tashar megawat 75 a Kankiya. Gardama a kan farashi da lamunin biyan kuɗi ta sa shekaru suka shuɗe ba a gina tashoshin ba.

Idan aka yi la'akari da waɗannan misalai biyu, za a ga cewa iska da rana ba su gaza ba. Illar tana ga manufar da ke ɗaukar sa hannu a takarda a matsayin nasara, ta manta da tsaron ma'aikata, da horar da masu gyara 'yan ƙasa, da tabbacin wanda zai sayi wutar ya biya. Masu iya magana kan ce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Shawarar wannan takarda ita ce Katsina ta fara da ƙananan tashoshin rana a asibitoci da makarantu da kasuwanni, tare da kasafin gyara tun ranar farko. A riƙa auna nasara da yawan sa'o'in da maƙerin Ƙofar Ƙaura ya samu wuta.