Matar da ta san raƙuman dawan Kure ɗaya bayan ɗaya

Duk ɗan Arewa da ya saba shiga motar Dogon Dutsi zuwa Yamai ya san Kure. Bayan an wuce Doso da Birnin Gaure, saura kamar kilomita 60 a shiga babban birni, wani lokaci sai ka hangi dogon wuya ya zarce kan itatuwa, fasinjoji suna nuna wa juna ta taga. Raƙuman dawan nan na Nijar su kaɗai suka rage a yammacin Afirka kaf, kuma mafi yawan abin da duniya ta fara sani game da zamansu daga aikin Isabelle Ciofolo ya fito, wata Bafaranshiya mai nazarin halayyar dabbobi da ta shafe shekaru tana bin sawunsu.

Maƙalolinta biyu nake dubawa, dukansu a mujallar Journal of Tropical Ecology. Ta farko ta fito a 1995, kan karon da ake yi tsakanin neman abinci na ɗan'adam da tsirar da waɗannan dabbobi. Ta biyu ta fito a 1999, ta rubuta ta tare da Yvonnick Le Pendu, kan yadda suke ƙaura tsakanin damina da rani.

Ta farkon tarihi ce mai ɗaci. A farkon ƙarni na 20 ana samun raƙumin dawa tun daga Senegal har Tafkin Cadi. Bindiga ta shigo, gonaki suka faɗaɗa, aka sare daji, fari ya biyo baya. Ragowar da ke wajajen Ayoru, kusa da iyakar Mali, suka gangaro kudu a shekarun fari, har suka sami mafaka a Kure da Dallol Boso. Abin da Ciofolo ta dage a kai shi ne wurin ba gandun daji ba ne. Babu shinge, babu zaki. Gonakin Zabarmawa ne da makiyayar Fulani, raƙumin dawa yana kiwo, mata na surfe can gefe, garken shanu na wucewa ta ƙarƙashinsa. Masu kare namun daji na wancan zamani sun saba da tunanin a kori mutane a ja iyaka. Ita kuwa ta ɗauki manomi da dabbar a matsayin maƙwabtan da ƙasa ɗaya ke ciyar da su, kuma a nan darajar aikin take.

Maƙalar 1999 ta fi burge ni, saboda haƙurin da ke cikinta. Kowane raƙumin dawa da irin zanen jikinsa, babu biyu da suka yi daidai, don haka suka riƙa gane su ta zanen wuya da na gefe. Dabbobi 63 suka bi da ido tsawon wata 15, kowanne an san inda aka gan shi da kuma yaushe. Abin da ya fito kuwa manomin Matankari ko na Gecheme zai gane shi tun kafin a gama yi masa bayani. Da damina mafi yawansu suna kan tudun Kure, a irin dajin nan mai jeri-jeri: layin geza da sabara da anza, sai fako, sai wani layin. Ruwan da ya sauka kan fakon shi ke gangarawa ya shayar da itatuwan da ke ƙasa da shi, shi ya sa daji ke tsayawa a wurin da ruwan sama bai isa ya riƙe shi ba. Da rani kuma, idan ganyen tudu ya zube, sai su sauka kwarin Dallol Boso, wajajen Harikanasu, inda gawo yake.

Gawo ai mun san halinsa. Da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya. Manomi yana barinsa a gona don hatsin da ke gindinsa ya fi kyau, makiyayi yana sassabe reshensa don awaki, raƙumin dawa kuma yana cin na can sama inda saniya ba ta kaiwa. Ke nan itacen da manomi ya ƙyale don amfanin kansa shi ke fitar da dabbar daga rani. Idan motocin itace da ke ciyar da murhun Yamai suka cinye gezar tudu, ko aka daina barin 'ya'yan gawo su tashi a kwari, an yanke mata rabin shekara ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Mai karatu daga Tibiri ba zai rasa ganin ƙasarsa a nan ba, domin Dallol Mawri ma haka take, kwari mai gawo tsakanin tuddai masu geza, kuma a 2004 aka shigar da ita tare da Dallol Boso cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar.

Akwai inda aikin bai ƙosar da ni ba. Raƙumin dawa na cin wake, yana kuma ɓarnar mangwaro, amma a waɗannan maƙaloli muryar mai gonar ba ta kai ta dabbar ƙarfi ba. Na so in ji tiya nawa ta wake gida ɗaya ke rasawa a kaka, da abin da maigida ke faɗa idan ya wayi gari ya tarar an yi masa kiwo. Sannan da Ingilishi aka rubuta su, harshen da ko jami'an gandun dajin Nijar ba da shi suke aiki ba, balle mutanen ƙauyukan da aka yi binciken a bayan gidajensu.

Duk da haka ba aikin cikin ofis ba ne. A 1996, zamanin mulkin Ibrahim Bare Mainasara, an tura sojoji su kamo wasu raƙuman dawa don a yi wa shugabannin maƙwabta kyauta, da dama suka mutu a wajen kamun. A shekarar ne ƙidaya ta nuna 49 kacal suka rage. Saboda akwai wadda ta san su ɗai-ɗai, asarar ba ta ɓoyu ba. Daga baya binciken ƙwayoyin halitta na 2007 ya nuna cewa waɗanda gidajen namun dajin Turai ke ajiye da su da sunan na yammacin Afirka wani iri ne dabam, wato na Nijar ba su da madadi ko'ina.

Zuwa ƙarshen shekarun 2010 adadinsu ya haura 600. A watan Nuwamban 2018 aka ɗauki takwas a mota aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maradi, tafiyar kusan kilomita 800, don kada annoba ko fari guda ya same su duka a wuri ɗaya. Masu ƙidayar da suka gaji aikin sun ci gaba da bin hanyar nan ta gane dabba ta zanen jikinta, sai dai kundin hotunan ya yi kauri sosai.