Uwargida Safira da Yadda Ake Gina Mutum a Cikin Labari

Sau da dama labaran da matasan ikkilisiya suke rubutawa, ko wasan kwaikwayon da suke shiryawa lokacin Kirsimeti, mutum iri biyu kaɗai ke cikinsu: na kirki da ba ya kuskure, da mugu wanda ba shi da dalilin mugunta. Mai karatu yakan gane wa'azin tun shafin farko, sai ya ajiye littafin, domin bai taɓa haɗuwa da irin waɗannan mutane ba.

Wanda yake son koyon sana'ar a Mora ko Garwa ba sai ya tafi nesa ba. Djaïli Amadou Amal, wadda aka haifa a Marwa a 1975, ta rubuta Les Impatientes da Faransanci, littafin da ya ci lambar Goncourt ta 'yan makarantun sakandare a Faransa a 2020. Mata uku ne suke ba da labarinsu a ciki, kuma kowace an sha yi mata nasiha da "munyal", wato haƙuri da Fulatanci. Ramla tana son ci gaba da karatu, aka raba ta da saurayinta, aka aurar da ita ga attajiri, Alhaji Issa. Hindou kuwa aka ba ta ɗan'uwanta Moubarak, mashayi mai dūka.

Gwanintar littafin tana wurin ta uku, Safira, uwargidan Alhaji Issa. Da a bakin Ramla kaɗai aka ji labarinta, da muguwar kishiya ce kawai. Amma marubuciyar ta ba ta baki. Safira tana bin malamai, tana ƙulla wa amarya makirci, duk da haka mai karatu yana ganin tsoron da ke cinta: kada a ture ta gefe, ita da 'ya'yanta, bayan shekarun da ta yi a gidan. Ba zai wanke ta ba, amma ya san ta. Moubarak bai sami wannan gata ba. Daga idon Hindou ake ganinsa, shi ya sa muguntarsa ta fito fili, mutumin kansa kuwa bai fito sosai ba.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna wannan hanya. A Farawa sura 16 da 21, Hajaratu ta raina uwargijiyarta, Saratu kuma ta wulakanta ta, daga baya ta sa aka kore ta. Ba a ɓoye laifin kowa ba, kuma Allah bai yar da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Saboda haka, kafin marubuci ya sa mutum a labari, sai ya san abin da mutumin yake so, da abin da yake tsoro, da inda yakan yi tuntuɓe. Tuban wanda bai taɓa jin zafin jaraba ba, ba ya taɓa zuciyar mai karatu.