Waƙar Tsattsewa ta Rodos: Maraba ce ko Roƙo?

A tsibirin Rodos da ke cikin Bahar Rum, daura da gaɓar Turkiyya ta yau, Girkawan dā suna da wata al'ada. In sanyin hunturu ya fara ja da baya, aka ga tsattsewa ta komo daga ƙaurarta, sai yara su taru su riƙa bi gida gida suna waƙa, suna shelar isowarta, masu gida kuwa suna miƙo musu abin da ya sawwaƙa. Waƙar gajeruwa ce, kamar layi 20. Wani malami, Atenayus, mutumin Naukratis ta ƙasar Masar, shi ya kwafe ta wajen shekara ta 200 Miladiyya, cikin juzu'i na 8 na littafinsa na hirar malamai a wurin walima. Ba domin shi ba da ta salwanta.

Galibi akan sa ta cikin jerin waƙoƙin murna da sauyin lokaci, a ce ga yara masu tsarkin zuciya suna yi wa tsuntsuwa barka da zuwa. Ni dai a ganina wannan karatu ya tsaya a zaure, bai shiga cikin gida ba. Waƙar roƙo ce, kuma wanda ya tashi a ƙasar maroƙa ya fi kowa saurin gane ta.

Mai karatu ya dubi yadda aka gina ta. Tsattsewa ba ta sami fiye da layuka biyar na farko ba: an ce ta iso, an ce ta zo da kyakkyawan lokaci, an siffanta launinta, cikinta fari, bayanta baƙi. (Mai fassara zuwa Hausa sai ya yi hattara a nan, domin da ya rubuta farin ciki ya riga ya sa wa Bagirke maganar da bai yi ba, shi launi kurum ya ke nufi.) Daga nan sai waƙa ta juya ga maigida. Aka fara da kiran gidansa gidan wadata, sa'an nan aka jero abin da ake so: curin busassun 'ya'yan itace, da ƙoƙon ruwan inabi, da kwandon cuku, da gurasa. Wayon kuwa shi ne, yaran ba su ce su ke so ba. Tsuntsuwar aka jingina wa, aka ce ita ba ta raina kyauta, ko gurasar talaka aka ba ta za ta karɓa. To, kowa ya san tsattsewa ƙwari ta ke kamawa a sararin sama, ba ta taɓa cin cuku ba. Maigida ya sani, yara sun san ya sani, kuma daɗin wasan ke nan.

Sai kuma kashi na uku, inda na ke ganin gwanintar ta ke. Muryar ta sauya, har karin waƙar ma ya sauya: gajerun layuka masu tsalle suka ba da wuri ga dogaye, irin ma'aunin da 'yan wasan kwaikwayo na Girka su ke magana da shi. Yara suka daina rarrashi. Suka nuna in ba a ba su ba, ba za su tafi hannu rabbana ba, za su ciccire ƙyauren, ko itacen da ke bisa ƙofa, ko ma su sungumi uwargida, tun da ƙarama ce ba ta da nauyi. Wanda ya karanta maƙalar da M. G. Smith ya buga a 1957 a kan roƙo a ƙasar Hausa zai tuna da wannan tsari: yabo ya fara, buƙata ta biyo, in hannu ya ƙi buɗewa sai zambo. Amma akwai bambanci. Zambon maroƙi yana cizo da gaske, yana iya zubar da mutuncin mutum a kasuwa. Na yaran Rodos kuwa, a layin ƙarshe suka zare masa dafi da kansu, suka tuna wa maigida cewa su ƙananan yara ne. Barazanar ta kai iyakar rashin kunya, kāna ta narke ta zama dariya, maigida ya sami hanyar bayarwa ba tare da an ce tsoro ya ji ba.

Me ya sa sai a wannan lokaci? A nan ne fassarar da muka saba ta ke ɓad da mu. Mukan kira lokacin da ke bin hunturun Turai bazara, alhali bazararmu zafi ce da ƙura da jiran hadari, tasu kuwa sanyi ne mai sassautawa da tohon itatuwa. Abin da ya haɗa su ba yanayin sama ba ne, halin rumbu ne. Girbin bara ya yi nisa, na bana bai nuna ba, wanda ya ke da saura shi ake dubawa. Abincin da waƙar ta lissafa duk na ajiya ne, ba ɗanye ko ɗaya. Watau tsuntsuwa ta zo da albishir cewa wuya ta kusa ƙarewa, yara suka mai da albishirin hujja a kan mai hali: ka saki abin da ka ɓoye.

Atenayus ya ƙara da cewa Kiliyobulus na Lindos, ɗaya daga masu hikima bakwai na Girka, shi ya ƙago wannan bara a lokacin da garinsa ya bukaci tara kuɗi. Wannan ban ɗauke ta da nauyi ba. Halin malamai ne ko'ina, ba su son ganin waƙa marainiya, sai sun nemo mata uba mai suna. Duk da haka riwayar ta nuna su kansu Girkawa da tara abu su ke danganta al'adar.

Ɗalibin Hausa zai so ya kwatanta ta da abu biyu, ko wanne kuma rabi ya ke kamawa. Tashe yana da yaran, da bin gida gida, da barkwanci, da kyauta, amma shi watan azumi ya ke bi, yana zagaya shekara, wani zubin cikin damina, wani zubin cikin hunturu. Shamuwa ita ke da ɗayan rabin. Tana barin kudancin Afirka ta iso mana gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ba mai jifarta, manomi ya gan ta ya duba irinsa da fartanyarsa. Ita ma, abin mamaki, baƙa ce mai farin ƙasan ciki. Abin da mu ke da shi a rabe, a Rodos a haɗe ya ke cikin waƙa guda.

Inda rubutun Atenayus ya gaza shi ne, kalmomi kaɗai ya bar mana. Ba amo, ba bugun ƙyaure, ba amsar da uwargida ta mayar daga cikin ɗaki sa'ad da aka yi barazanar ɗauke ta. Kaɗan daga wannan giɓi al'adar Girkawan baya ta cike, domin a waɗansu sassan ƙasar an ci gaba da fita ran 1 ga Maris: yara su sassaƙa tsattsewa ta itace, su ƙawata ta, su kafa ta bisa sanda, su ɗaga ta a ƙofar kowane gida suna waƙa. Ita tsuntsuwar ta ainihi, a ranar nan, mai yiwuwa tana kan hanya tukuna, domin kudu da Hamada ta yi hunturunta, a wurare irin su Boje ta Jihar Kuros Riba, inda dubban dubbai su ke kwana cikin dogayen ciyayi.