Leƙen Mahaɗar Jijiyoyi Alhali Ƙwayar Tana da Rai

Saƙo a ƙwaƙwalwa yana tsallakawa ne daga wata ƙwayar jijiya zuwa wata ta wata 'yar mahaɗa mai ratar kusan nanomita 20. A bakin mahaɗar akwai furotin da ke riƙe da masu karɓar saƙon: PSD-95 a inda ake zaburar da jijiya, gefirin a inda ake kwantar da ita. Duk mai son sanin yadda koyo ke sauya ƙwaƙwalwa dole ya ga yadda waɗannan suke ƙaruwa ko raguwa.

A da, sai an sandarar da ƙwayar da fomalin, a huda fatarta, sannan a zuba antibodi mai rini. Hoto yakan fito tangaran, amma na gawa ne. Da aka samu GFP, furotin mai ƙyallin kore na wata halittar teku, sai aka riƙa liƙa shi jikin PSD-95 ana cusa wa ƙwaya mai rai. Garin neman gira aka kusa rasa ido, domin a 2000 an nuna cewa yawaitar PSD-95 kaɗai tana ƙara wa mahaɗar girma da ƙarfi. Ma'aunin da kansa yake sauya abin da ake aunawa.

Antibodi na asali kuwa, wanda zai iya kama furotin ɗin ƙwayar na ainihi, ba ya naɗuwa daidai a cikin ƙwaya mai rai, saboda ƙullin salfa da ke riƙe da siffarsa ba ya ɗauruwa a can. Wata mafita ta fito daga jinin raƙumi. A 1993 masana a Brussels suka gano yana da antibodi marar ƙaramar sarƙa, wanda kansa kaɗai ya isa ya kama abin da ake nema, nauyinsa kuma kashi ɗaya cikin goma na cikakken antibodi.

Amma aikin da na fi ganin hikimarsa shi ne FingR, wanda Don Arnold da Richard Roberts suka fitar a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 2013. Daga wani yanki na furotin mai suna fibronektin suka ƙera shi, yana kama PSD-95 ko gefirin ɗin ƙwayar na ainihi. Matsalar irin wannan makami ita ce rarar da ba ta sami abin kamawa ba, wadda ke cika ƙwaya da haske har ɗigon mahaɗar ya ɓace. Sai suka tsara shi yadda rarar za ta shige cibiyar ƙwaya ta dakatar da ƙera kanta. Haka ɗigogin kore ke jeruwa tsaf a reshen jijiya, ana iya komawa kansu gobe da jibi.

Duk da haka ban yarda a ce FingR ba ya taɓa komai ba. Abin da ya kama furotin yana iya toshe wurin da wani furotin zai zauna. Shi ya sa nake fara duba ko masu bincike sun auna wutar mahaɗar, da makamin da kuma babu shi, kafin in amince da hoton.