BABI NA HUƊU: HALAYEN BUTTERCUP DA ZUMUNCINTA DA 'YAN'UWANTA A KATUN ƊIN POWERPUFF GIRLS

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan yadda katun, wato wasan zane mai motsi, ya sami gindin zama a gidajen Gusau da Tsafe da Bunguɗu ta hanyar tauraron ɗan'adam da faifan bidiyo da wayar hannu, har ya ci wani yanki na lokacin da a da ake keɓe wa tatsuniya bayan sallar isha'i. A wannan babi kuwa za a ɗauki tauraruwa guda ɗaya daga cikin taurarin irin waɗannan wasanni, wato Buttercup ta cikin Powerpuff Girls, a yi nazarin halayenta da kuma zamanta da 'yan'uwanta mata guda biyu. Dalilin zaɓen ta shi ne, ita ce wadda uwa Bahaushiya za ta fi saurin yanke wa hukuncin rashin kunya da zarar ta gan ta a allon talabijin. Don haka abin da babin zai yi ƙoƙarin amsawa shi ne, shin tsiwa kawai wannan tauraruwa take koya wa yara, ko kuwa akwai wani darasi na zumunci da ke tattare da ita?

4.1 Taƙaitaccen Bayani a Kan Wasan

Wani Ba'amurke mai suna Craig McCracken ne ya ƙirƙiro wannan wasa, kuma tashar Cartoon Network ta fara nuna shi a watan Nuwamba na shekarar 1998, aka ci gaba har zuwa 2005, cikin zango 6. A shekarar 2002 an yi masa dogon fim, sannan a 2016 aka sake farfaɗo da shi da sabon zubi. Wannan nazari ya taƙaita ne ga wasan farko da kuma fim ɗin 2002.

Labarin ya ginu ne a kan wani masanin kimiyya, Farfesa Utonium, wanda ya haɗa sukari da kayan yaji da sauran abubuwa masu daɗi da nufin ya samar da 'ya'ya mata na gari, sai bisa kuskure wani sinadari da ake kira X ya zuba a cikin haɗin. Daga nan 'yan mata uku suka fito masu ƙarfi da iya tashi sama: Blossom mai kaya ruwan hoda, wadda ita ce shugaba mai tsara dabara, Bubbles mai shuɗin kaya, mai taushin zuciya da saurin kuka, sai Buttercup mai koren kaya da gajeren baƙin gashi. Suna zuwa makarantar rainon yara, amma da zarar magajin garin Townsville ya bugo waya sai su tashi su kare birnin daga dodanni da miyagu irin su birin nan Mojo Jojo.

4.2 Halayen Buttercup

4.2.1 Zafin Rai da Jarunta

Daga cikin kayan haɗin nan guda uku, yaji ne rabon Buttercup, kuma halinta bai saɓa wa wannan ba. Ita ce mai fara kai naushi tun kafin a gama shawara, ita ce mai ɗaure fuska da harɗe hannuwa idan an yi mata faɗa, ba ta son kwalliya, akwai ma kashin da ta ƙi yin wanka har mutanen gari suka kasa jure warinta. Yaron da bai jin Ingilishi ba ya buƙatar fassara kafin ya gane ta, domin kuwa mai zanen ya sa halinta a girarta da muryarta mai kaushi. Ta fuskar jarunta kuwa ba ta da na biyu a cikinsu, ba ta ja da baya ga dodo komai girmansa.

4.2.2 Raunin da Ke Ɓoye

Sai dai idan aka tsaya a nan, an ga rabin tauraruwar ke nan. Akwai wurare uku da wasan ya buɗe abin da ke ƙarƙashin wannan zafi. Na farko, a fim ɗin 2002, lokacin da Farfesa yake raɗa musu suna, ya ba Blossom da Bubbles sunaye saboda halin da ya gani a tare da kowaccensu, amma da ya zo kan ta ukun sai ya kira ta Buttercup don kawai sunan ya fara da harafin da na 'yan'uwanta suka fara da shi. Nan take fara'arta ta gushe. Wato tun ranar suna aka rage mata kulawa. Na biyu, a kashin Nuthin' Special, an nuna Blossom tana da numfashin ƙanƙara, Bubbles tana jin wasu harsuna har da na dabbobi, ita kuwa ta nemi baiwar da ta keɓanta da ita ta rasa, sai daga ƙarshe aka gano ita kaɗai ce mai iya naɗe harshe. Na uku, a kashin Cover Up, an gano tana da wani ɗan bargo da take runguma a ɓoye, ta ɗauka shi ke ba ta ƙarfin faɗa, kamar dai yadda ɗan dambe yake dogara da layarsa. Da bargon ya ɓace sai jarumar ta rikice.

Bisa ga waɗannan misalai, ana iya cewa zafin Buttercup garkuwa ce ta yarinyar da take ganin ba a lura da ita ba. Ta gaba ta tafi da yabon hankali, ta baya ta tafi da shagwaɓa, ita kuwa sai ta riƙe ƙarfi don kada a manta da ita.

4.3 Zamanta da 'Yan'uwanta

4.3.1 Rikicin Girma Tsakaninta da Blossom

A al'adar Bahaushe ba a barin 'yan'uwa biyu ba tare da an san na gaba da na baya ba. Ko tagwaye ne, Hassana tana gaban Husaina, kuma ana cewa bin na gaba bin Allah. Su kuwa waɗannan 'yan mata lokaci guda suka fito, babu ya babu ƙanwa. Duk da haka mai kallo Bahaushe zai ɗauki Blossom a matsayin 'yar fari, Bubbles a matsayin auta, ya bar Buttercup a tsakiya. Tushen rikicinta da Blossom ke nan, domin shugabancin Blossom bai dogara da shekaru ba, saboda haka Buttercup ba ta ga dalilin da zai hana ta ja da shi ba.

Kashin Octi Evil na zango na farko ya fito da wannan fili. Su biyun suna ta jayayya a kan wa ya kamata ya ja ragama, abin yana damun Bubbles, sai wani shaiɗani da ake kira Him ya shiga cikin 'yar tsanarta yana yi mata raɗa, yana ƙara hura wutar. Daga ƙarshe 'yar tsanar ta rikiɗa ta zama dodo ta kama Bubbles, kuma kukanta ne ya sa masu faɗan suka ajiye gardama suka haɗa kai suka cece ta. Jigon wannan kashi bai wuce abin da Hausawa suke cewa ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kuma a kashin Three Girls and a Monster, dabarar Blossom ta gaza, ƙarfin Buttercup ya gaza, sai Bubbles ta roƙi dodon cikin ladabi ya bar garin, ya kuwa tafi. A nan mai wasan bai ba ko ɗaya daga cikin masu jayayyar gaskiya ba.

4.3.2 Kuskure da Neman Gafara

Babban abin da ke auna Buttercup a wannan wasa shi ne furta kalmar ban haƙuri. A kashin Paste Makes Waste ta yi wa wani ɗan ajinsu mai suna Elmer ba'a saboda yana cin gam, ta kuma ƙi ba shi haƙuri. Da yaron ya rikiɗa ya zama dodon gam, duka bai yi masa komai ba, ya manne 'yan'uwanta a jikinsa, babu abin da ya rage sai ta nemi gafara. An nuna ta tana kokawa da kalmar kamar za ta shaƙe kafin ta fito. Wadda dodo bai taɓa ba tsoro ba, ga shi kalma guda ta gagare ta. Alhali kuwa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Har wa yau, a kashin Buttercrush, ta kamu da son Ace, shugaban wasu 'yan iskan gari da ake kira Gangreen Gang, tana sulalewa da dare tana zuwa wurinsu. Shi kuwa ya shagaltar da ita ne domin yaransa su halaka Blossom da Bubbles. Da ta ga abin da ake yi sai ta juya ta lakaɗa musu duka, ta koma ta ba 'yan'uwanta haƙuri, suka karɓe ta. Abin lura a nan shi ne, duk lokacin da aka sa ta zaɓa tsakanin son ranta da 'yan'uwanta, ba ta taɓa yin jinkiri ba. Tana zolayar Bubbles da rakin kuka, amma ba ta yarda wani bare ya taɓa ta. Su ma a nasu ɓangaren, da bargonta ya ɓace ba su tona mata asiri a gari ba, Blossom ta ba ta wani a madadinsa, sai da ta ci nasara sannan aka gaya mata gaskiya, don ta san ƙarfin nata ne.

4.4 Kwatanci da Tatsuniya da Tarihin Baka

A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda kusan kowace kaka a ƙasar Zamfara ta sani, akwai 'yar bora mai ladabi da 'yar mowa mai tsiwa. Ta farko ta yi biyayya ga duk abin da ta tarar a hanya ta dawo da dukiya, ta biyu ta yi rashin kunya ta dawo da kutare da makafi. Idan aka ɗora Buttercup a kan wannan ma'auni, babu shakka layin 'yar mowa za ta bi. Bambancin shi ne, tatsuniya tana hukunta mai tsiwa ta yar da ita, ƙurunƙus, ba a sake jin labarinta. Katun ɗin kuwa yana hukunta ta ya mayar da ita gida, a kwana a gado ɗaya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Akwai dalilin wannan bambanci. 'Yan matan tatsuniya 'yan uba ne, gabar iyayensu mata suka gada, shi ya sa ma Hausa take kiran irin wannan gasa 'yan ubanci. Su ma 'yan matan Townsville uba kawai suka haɗa, amma da yake babu uwa balle kishiya, faɗansu bai wuce saɓanin harshe da haƙori ba.

Ta ɓangaren tarihin baka kuwa, ƙasar Hausa ba ta rasa jarumai mata ba. Ruwaya ta nuna 'Yargoje ta mulki Zamfara ta zauna a Kuyambana, haka kuma Sarauniya Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, ta yi yaƙe-yaƙe ta gina ganuwa. To amma ana ba da labarin waɗannan mata ne su kaɗai. Amina tana da ƙanwa, Zariya, wadda birnin ya ci sunanta, sai dai ruwayar da ta yaɗu ta fi mayar da hankali ga yaƙi, ba ta tsaya a kan zaman ya da ƙanwa ba. Ganin cewa Roye Okupe ya riga ya fitar da gajeren katun na Malika a 2019, wanda ya samo tushe daga labarin Amina, wannan giɓi fili ne ga masu sha'awar shirya katun da Hausa.

4.5 Naƙasun da Aka Lura da Su

Duk da abin da aka faɗa, ba za a wanke wannan tauraruwa tas ba. Da farko, darasin da ta koya a kashi ɗaya ba ya bin ta zuwa na gaba, kullum sai ta dawo yadda take, saboda haka yaron da ya kalli kashi guda ya tashi kafin ƙarshe, tsiwar kawai zai ɗauka. Na biyu, duka ya yi yawa, kuma ana nuna shi a matsayin abin dariya. A kashin Moral Decay, inda ta riƙa fitar wa miyagu haƙora don ta sami kuɗi, 'yan'uwanta ne suka shirya mata tarko aka zubar da nata haƙoran. Wannan horo ya wuce kima, ya kuma saɓa wa zumuncin da wasan yake ginawa a wasu wurare. Na uku, yadda take ɗaga murya ga Farfesa da malamarsu abu ne da tarbiyyar Bahaushe da addininsa ba su yarda da shi ba. Tatsuniya tana da kaka a gefe mai warware darasi, katun kuwa sau da yawa yaro shi kaɗai yake kallo.

4.6 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa Buttercup tauraruwa ce mai fuska biyu, zafi a waje da rauni a ciki, kuma 'yan'uwanta su ne ma'aunin da wasan yake gwada ta da shi. An ga rikicinta da Blossom ya samo asali ne daga rashin tsarin na gaba da na baya, an kuma ga jaruntarta ba ta cika sai ta iya ba da haƙuri. Kwatanci da tatsuniyar Ruwan Bagaja ya nuna katun ɗin ya bar wa mai tsiwa ƙofar gyara, abin da tatsuniyar ba ta yi ba, yayin da ita kuma tatsuniyar ta fi shi tsare ladabi ga manya. Saboda haka hukuncin rashin kunya da za a yi wa wannan tauraruwa yana da ƙamshin gaskiya, amma bai game dukkan halinta ba, kuma amfaninta ga yaran Gusau da Tsafe da Bunguɗu ya rataya ne a kan samun babba a kusa da zai nuna musu inda labarin ya dosa. A babi na gaba za a kawo kammalawa da shawarwari.