Misalin Talanti da Wa'azin Riba

Akwai wani irin wa'azi da ya yi kaka-gida a cikin ikkilisiyoyi, daga Paraku har Jugu. Mai wa'azi yakan buɗe Bisharar Matiyu sura 25, ya karanta misalin talanti, sa'an nan ya ce wa jama'a duk kuɗin da bai haihu da sauri ba, an binne shi ke nan. Masu ji kuwa sai su ce amin.

Wannan fassara ta tsallake abu biyu. Bayin nan kasuwanci suka yi da hannunsu, maigidan kuma bai dawo ba sai bayan dogon lokaci. Ban da haka, wanda ya samo biyar da wanda ya samo biyu yabo ɗaya aka yi musu, domin amana aka auna. Gaskiya ne aya ta 27 ta ambaci masu ba da ruwa, amma tsautawa ce ga malalaci, ba talla ba.

Ƙasar Benin ta ga ƙarshen irin wannan tunani. Kamfanin ICC Services ya yi alkawarin ruwa har kashi 200 bisa 100, shugabanninsa kuma sanannun masu zuwa sujada ne, saboda haka mutane suka sake jiki. Ashe kuɗin sababbin masu ajiya ake biyan na dā da shi. Da abin ya rushe a 2010, fiye da mutum 100,000 suka yi hasara, kuɗin ya wuce sefa biliyan 100, har ministan cikin gida ya rasa kujerarsa. Sai a 2018 aka fara shari'ar sosai. Ba a ji wa'azi da yawa sun yi gargaɗi tun kafin faɗuwar ba, wannan kuwa abin kunya ne.

Fataken dā da suka bi ta Jugu da goron Gwanja zuwa ƙasar Hausa sun fi kusa da misalin nan. Watanni suke yi a hanya, da dukiyar wani a kan jakuna, su koma su ba da lissafi. Haka manomin doya a Turu, da matar da take auna hatsi a kasuwar Arzeke. Da wuya a ji sunan aikinsu daga bagadi, sai ranar godiyar kaka, sa'ad da ake jiran buhunansu.