Wa Ke Yanke wa Ƙwan Lantarki Ranar Mutuwa?

A ofishin 'yan kwana-kwana na garin Livermore, a jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai ƙwan lantarkin da yake ci tun 1901, in ban da 'yan lokutan da wuta ta yanke ko aka sauya masa gini. Shi ne tauraron The Light Bulb Conspiracy, fim ɗin bincike da Bajamushiya Cosima Dannoritzer ta fitar a 2010 da taimakon gidajen talabijin na Sifen da Faransa. Fim ɗin ya girmi ƙwayayen da ake sarrafawa da wayar hannu, amma a ganina duk mai shirin sa irinsu a gidansa ya kamata ya fara kallonsa kafin ya taɓa aljihu.

Ƙarfinsa yana ga takardu. A Disamban 1924 manyan kamfanonin ƙera ƙwai, ciki har da Osram na Jamus da Philips na Holan da Compagnie des Lampes na Faransa, suka haɗa baki a Jeneba, suka kafa ƙungiyar da aka sani da Phoebus. Suka raba kasuwannin duniya a tsakaninsu, suka kuma yanke cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali ana da masu kaiwa awa 1,500 zuwa 2,000. Ana ɗibar samfuri daga kowace masana'anta a gwada, wanda ƙwansa ya zarce a ci shi tara. Dannoritzer ba ta ɗaga murya a nan. Ta bar masanin tarihi Helmut Höge yana buɗe tsofaffin fayiloli a Balin, mai kallo yana ganin jadawalin tarar da idonsa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne injiniyoyin: mutanen da suka ƙware wajen tsawaita ran fitila, aka sa su juya wannan ilimin su gajarta shi.

Labarin bai tsaya a shekarun baya ba. Darektar ta saƙa shi da na wani saurayi a Basalona wanda firintarsa ta daina aiki, kowane shago ya je sai a ce ya sayi sabuwa. Da ya bi diddigi sai ya tarar da wani ɗan ƙanƙanin abu a cikinta mai ƙirga yawan bugu, in adadi ya cika ya kulle ta. Manhajar da wani ɗan Rasha ya rubuta ta mai da ƙirgen sifili, firinta ta ci gaba da bugu. Akwai kuma sashen safar nailan da na batirin iPod, amma sun fi wannan rauni, an bi ta kansu a gurguje.

Daga nan kyamara ta sauka a Agbogbloshie da ke Akara, inda matasa, akasarinsu daga arewacin Gana, ke ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe. Ɗan jarida Mike Anane yana bin tarkacen kwamfutoci yana tattara lambobin ofisoshin Turai da Amurka da ke manne a jikinsu. Sashe ne mai ciwo, kuma ya dace a ji ciwon. Sai dai hayaƙi ya cika hoton fiye da kima. Duk wanda ya san kasuwar gwanjon kayan lantarki a Afirka ta Yamma ya san da yawa daga cikin kayan nan suna isowa da ransu, masu gyara su tashe su, su yi shekaru a hannun mutane kafin su kai juji. Waɗannan masu gyara sun cancanci fili fiye da wanda suka samu. Hukumomin Gana sun rushe wurin a 2021.

Babban abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda aka ɗauki ƙwan Livermore tamkar hujja ba gardama. Tsohon ƙwai yana haske ne saboda siririn zaren cikinsa ya yi zafi. In ka rage zafin zai daɗe, amma hasken ya ragu, kuɗin wuta kuma ya ƙaru a kan kowane haske da ka samu. Ƙwan Livermore a yau wajen wat 4 kawai yake ci, ba zai ishe ka karatu ba, kuma kusan ba a kashe shi. Wannan bai wanke Phoebus ba, domin wanda ya sa tara a kan inganci ba tattalin mai saye ya dame shi ba. Amma da an faɗa wa mai kallo, da hujjar ta fi tsayuwa da ƙafafunta.

Kusa da ƙarshe Warner Philips, daga zuriyar waɗanda suka kafa Philips, ya nuna ƙwan LED da aka ce zai kai shekara 25. Rabin wannan fata ya tabbata: ƙwan LED na yau ana rubuta masa awa 15,000 zuwa 25,000. Ragowar rabin shi ne abin da labarin firinta ya hango. A 2012 Philips Hue ya shigo kasuwa, ƙwai mai sauya launi da dusashewa bisa umarnin waya. A Afrilun 2020 kamfanin ya yanke wa akwatin haɗinsa na farko hidimar intanet. A Afrilun 2022 kuwa kamfanin Insteon na Amurka, mai ƙera irin waɗannan kayan, ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu gidaje suka wayi gari manhaja ba ta amsawa, sai bayan makonni wasu masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Ƙwayayen ba su ƙone ba. Igiyar ce ke hannun wani.

Saboda haka tambayar da fim ɗin ya koya mini ita nake kaiwa shago: in intanet ya yanke, ko kamfani ya rufe, ƙwan nan zai ci gaba da jin magana? Wanda ke aiki da tsarin sadarwa na Zigbee ko Matter a cikin gida ya fi wanda komai sai ya je kwamfutar kamfani ya dawo, domin ana iya haɗa shi da akwatin wani kamfanin. Sannan dole makunnin bango ya zauna a kunne, in yaro ya kashe shi waya ba ta da iko. A garuruwanmu da ake yawan ɗauke wuta akwai ƙarin abin dubawa. Da yawa daga cikin ƙwayayen nan, in an dawo da wuta, kunna kansu suke yi da cikakken haske ko da ƙarfe biyun dare ne, sai a nemi wanda manhajarsa ke ba da damar a ce masa ya koma yadda aka bar shi.